Akuyar Bango

Na ce wa mai tikiti 'yata na rako.
Ƙarya! Kyauta ta yi barci tun fim na biyu,
ni na zauna baki sake.

Nanret, 'yar Bukuru,
wata goma tana zana akuya
don ta taka minti huɗu a bango.
Akuyar ta cinye rasit ɗin haraji,
zaure ya kece da dariya.

Na tuno gefen littafin lissafina,
ɗan mutum, shafi bayan shafi,
in na kaɗa da yatsa, ya ruga.
Malam Ɗanjuma ya yaga.

Da aka kunna wuta
na share ido, wai sanyin Jos ne.
A Taminus na sayi fensir biyu.
Ɗaya na Kyauta.