Darasi a Ƙarƙashin Rumfa

Tun da aka sa wa makarantar unguwa kwaɗo,
rumfar tsakar gidanmu ta zama aji.
Ba mu da allon bango, sai bayan farantin kisra
da gawayin da ya rage daga gahawar safe.

Ƙwallon dabino arba'in da ɗaya
na tara a gwangwanin madara,
su ne littafin lissafinmu.
"Mudassir, kasa su gida biyar."
Ya kasa, ɗaya ya yi saura.
Kafin in ce masa wannan ake kira ragowa,
akuyar maƙwabta ta haɗiye shi.
"Yumma, yanzu lissafi ya fita daidai."

Ihlas kuwa rubutu ne a ranta.
Ta faro daga dama, yadda malamarta ta nuna mata,
ni na faro daga hagu,
yadda kakanta ya koya min a jikin buhun riɗi.
Muka yi karo a tsakiyar faranti,
hannunta baƙi, nawa baƙi.

Ta ce, me ya sa ƙa take da ƙugiya?
Na ce, don ta rataye abin da muka taho da shi
kada ya faɗi a hanya.
Ba ta gamsu ba.

La'asar ta yi, motocin riɗi na gangarawa kasuwar Gadarif.
Dole in wanke allo in zuba abinci.
Mudassir na ƙirga lomarsa.
Ihlas ta ƙulle guntun gawayi a haɓar mayafi.
Gobe zan tarar da sunana a jikin randa,
harafi ɗaya a juye.