Bindigar Arzika

Ranar kasuwar Bunza Arzika ya zo da ita
a naɗe cikin tsohon buhun gishiri,
bindigar kakansa, mai riƙe wa Bature kaya a farauta.
Gara ta cinye ƙotar,
tsatsa ta riƙe kunama,
saura bututu, da ɗan zane a kumatun ƙarfe:
ganyen itacen da ba ya tsiro a ƙasar Kabi.

Baba Nomau bai duba da ido ba,
yana ta daɗe da rufe idon.
Babban yatsa ya aika,
ya bi ƙarfen daga baki har gindi
kamar mai laluben kaska a wuyan sa.
Ya ce, "Wanda ya ƙera wannan ba ya gaggawa.
Labbo, hura gawayin ƙirya."

Madobiyar da muka sara bara waccan
ta sha damina biyu a ƙarƙashin rumbu.
Na sa gizago, ya ce rage.
Na rage, ya ce hannunka ya faye ci.
Ya tsai da Arzika a ƙofar maƙera,
ya auna kafaɗa zuwa yatsa da igiyar rama.
Ƙota riga ce, in ji shi,
ba a yanka ta da awon maƙwabci.

Kwana tara ina fafe makwancin bututu.
A shafa baƙin fitila, a kwantar, a ɗaga;
inda itace ya ɗau baƙi, nan gardama take,
nan kurfi zai ci.
Bakan kunama ya karye mini sau biyu a ruwa.
Na uku Baba ya ce a kashe shi a man gyaɗa,
ya kawo kunne kusa,
yana jin ƙarfe yana tsaki har ya yi shiru.

Sai ado.
Na daddaƙe kwabo mai huda guda shida,
na yanka, na dasa a ƙugun ƙota.
Na so in kwaikwayi ganyen Bature,
ya fito mini kunnen jaki.
Baba ya shafa, ya yi dariya har da tari:
"Ka taɓa zama a inuwar itacen nan?
Zana abin da ya san ka."

Na zana bado a buɗe,
na zana zangarniyar shinkafa ta sunkuya don nauyi,
da dinya tana tashi daga fadama.
A fiffiken hagu kurfi ya zame.
Na cusa man kaɗanya da jar ƙasa,
na goge, na goge, na yi shiru da bakina.

Da hantsi yatsan ya iso wurin, ya tsaya.
Na ji cikina ya ɗuri ruwa.
"Bar shi," ya ce.
"Shi ma maƙerin can ya bar nasa,
ga shi ƙarƙashin ganye na huɗu.
Duk shekarun nan ba wanda ya gani
sai makaho."

Mun ɗaure ta a gindin giginya bakin gulbi,
ɗuri biyu na albarushi, tsumma, sanda ta danna,
igiya doguwa, mu kuwa bayan suri.
Na ja.
Balbelu suka watse kamar an zubar da auduga,
wani mai kwalekwale ya zage mu daga tsallake.
Da hayaƙi ya yaye, bututu na nan lafiya,
da ɗumi kamar goshin jariri.

Arzika ya biya rabi, ya ce saura sai kaka.
Bayan kwana bakwai ya aiko ƙanensa da fakara uku.
Muna ci da dare, Baba ya tsaya da tauna,
ya tofo ɗan dalma a tafinsa,
ya lalubo hannuna cikin duhu.
"Ungo, a narke.
Tana harbi daidai."