Mai Tsince Tutoci

Aikina shi ne in zo ƙarshe.
Mutum ɗari da goma sun tashi tun duhun asuba,
fitilu a goshi, kamar taurari sun sauko kiwo,
ni kuwa ina bayansu da buhu,
ina kwance jajayen ƙyallayen da muka ɗaura jiya
a kan duwatsu da tsinin ciyawa,
don kada alpaka su ci su shaƙe.

Sunana Hilaria. A gindin Ausangate aka yanke cibiyata.
Wannan hawan da suke biyan kuɗi su yi,
shi nake yi tun ina 'yar shekara tara,
da ƙanena a goye, duk ranar da dabba ta ɓata.

Bayan tafki na biyu, mai ruwa kore shar,
na tarar da lamba saba'in da huɗu
zaune a kan dutse, kai tsakanin gwiwoyi.
Anselmo, in ji takardar ƙirjinsa. Furfura fal kai.
Daga bakin teku ya zo,
inda iska ke da kauri, a sha a ƙoshi.
A nan, mita dubu biyar ba kaɗan,
tsinkakkiya ce:
sai ka ja sau uku kafin huhu ya san an ba shi abu.

Leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi.
Na ba shi ganyen koka, ya tauna, ya yamutsa fuska.
Na ce, "Doka ta ce in na wuce ka, ka fita daga tsere."
Ya ce, "To, kada ki wuce."

Taku goma, tsayawa.
Taku goma, tsayawa.
Taku bakwai.
Ƙanƙara ta sauko ƙanana kamar tsakin masara,
tana ƙas-ƙas a kan rigar ledarsa.
Zuciyarsa, har daga inda nake
ina ganinta tana harbi a jijiyar wuya.
Na tambaye shi me ya kawo shi, a wannan shekaru.
Sai da ya ƙirga goma kafin ya amsa:
"Shekara talatin ina gyaran injin hawa bene a Lima.
Na kai dubban mutane sama.
Ni ban taɓa zuwa da ƙafata ba."

A ƙololuwa akwai tsibin duwatsu,
kowa ya iso yakan ƙara ɗaya, haka muka gada.
Ya sunkuya zai ɗauka, jiri ya kwashe shi.
Ni na miƙa masa. Ƙarami, kamar ƙwan kaza.
Ya aza, ya tsaya yana kallon farin tsauni
baki buɗe, ban sani ba ko mamaki ne ko neman iska.

Sai gangara.
Ban san inda ya ɓoye ƙafafun nan ba.
Ya zuba a guje, mummunan gudu,
hannuwa a warwatse, tsakuwa na tsere masa,
yana ihu kamar yaron da ya kwance wa jaki igiya.
Ni da buhuna muna bin sa,
kwance nan, fizgi can,
har na ji ina haki a kan dutsen da ya raine ni.

Mun iso an riga an naɗe tutar ƙarshe,
agogo a kashe, masu tafi sun watse.
Sai tsohuwa Eulogia da tukunyarta,
romon busasshen dankali, sauran na ƙasa.
Ya sha kwano biyu. Bai tambayi lokaci ba.

Da dare na zazzage buhu na ƙirga.
Ɗari huɗu da sha biyu muka ɗaura,
ɗari huɗu da sha ɗaya suka dawo.
Na ga jan bakin ɗayar tana leƙe daga aljihunsa
sa'ad da yake hawa mota.

Gobe in an tambaye ni,
zan ce alpaka ce ta ci.