Ƙofar da Nibaldo Ya Kafa

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba ya sallama, shigowa kawai yake.
Eudocia Cárcamo na zaune gefen murhun itace,
ulun tumaki a cinya, allurai biyu na hira da juna.
Shekara saba'in da ɗaya ba ta taɓa kulle gida ba,
sai ga jikanta Nibaldo daga Castro, kwamfuta a hammata,
ya ce, "Kaka, ƙofa za mu kafa a shafinki."

Ta ce, "Shafi yana da bango ne?"

Ya ce, "Tsakar gida a buɗe, kowa ya leƙa:
hoton hula, hoton safa, wankin ulu don kada ya ƙanƙance.
Amma yadda kike karya zare a diddigen safa,
da rinin nan na ɓawon itace da baƙar laka,
wannan a ƙuryar ɗaki zai zauna.
Mai so ya biya peso dubu uku a wata,
na'ura ta karɓa, ta miƙa masa kalmar sirri,
ke ko tashi ba za ki yi ba."

Ta daɗe ba ta tanka ba.
Uwar da ta koya mata ko sisi ba ta karɓa ba.
Sai dai rufi na yoyo a wuri uku,
bokiti ukun da ke tarar ruwan kuwa ba su iya kunya ba.

Aka jingine waya da gwangwanin sukari.
Fuska ba ta fito ba, hannaye kaɗai,
yatsu masu ƙulli kamar saiwar tsohon icce.
Watan farko mutum bakwai.
Na uku, arba'in ba ɗaya.
Bokiti guda ya koma aikinsa na ɗibar dankali.

Wata safiya Nibaldo ya murtuke fuska.
"Wannan Ondina Barría, sunanta ɗaya,
wayoyi tara ke shiga da shi.
Sata ce, Kaka. Bari in sauya makulli."

Tsohuwa ta ƙirga ɗinki goma kafin ta ɗago.
"Daga ina?"
"Quellón."
"Masana'antar kifi ke nan.
Mata tara, tebur ɗaya, hutun rabin awa,
hannu na ƙarni, ana saƙa a tsaye.
Ɓarawo ba ya zama ya koyi diddigen safa.
Yanka musu makullin tebur, dubu shida su duka."

Ya yi gunaguni, ya yanka.
Suka biya. Har da hoton safa tara, babu biyu masu kama.

A watan Yuli, tsakiyar sanyinsu,
katin wani Belarmino na Punta Arenas ya ƙare.
Na'ura ba ta san kowa ba, ta ja ƙofa ta rufe.
Saƙonsa layi biyu ne:
matarsa ta bar riga da hannu ɗaya ba a gama ba,
shi kuwa ya kai gwiwar hannun.

Eudocia ta ajiye allurai, abin da ba ta yi ko don tukunya.
"Ƙofar nan da ka kafa, tana buɗuwa daga ciki?"
"Maɓalli ɗaya ne, Kaka."
"Nuna mini. Kada ka danna. Nuna mini."

Ta goge yatsa a zanenta, ta danna da kanta.

Yanzu mambobi sun haura ɗari, rufi ya yi shiru.
Akwai suna guda a jerin da babu lamba a gabansa.
Duk wata Nibaldo kan tsaya a kansa, ya dubi kakarsa,
ita kuwa tana ƙirga ɗinki,
leɓɓanta na motsi, ba ta ɗagowa.