Baƙon Da Ba Ya Sallama

Ƙarfe shida saura, sanyin Jos na cizon yatsa,
ina ɗaure buhun kabeji a Farin Gada,
waya ta yi kuka cikin rigar sanyi.
Na saki igiya, buhu ya kife.
Sabuwa tana asibitin Lamingo tun daren jiya,
haihuwar fari, an ce sai an yi aiki,
an ce, je ka kasuwa, za mu neme ka.

Na ɗaga, hannu na rawa.
"Albishirinka! Kai ne ka yi sa'a,
danna ɗaya ka karɓi rance ba jingina."
Na'ura ce.
Na tsine mata, ta ci gaba da zuba,
kamar famfon da kansa ya kwance.

Ba yau aka fara ba.
Sun same ni a sujada ta biyu,
sun same ni a maƙabarta, muna tura ƙasa kan Malam Tanimu.
Fili a Abuja, maganin basir, inshorar mota,
ni da ko keke sai na aro.
Wa ya ba su lambata?
Na tuna: wata takarda a Taminus,
aka ce rubuta, ƙila ka ci fanka.
Fanka, a garin nan!
Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Rediyon mai shayi ya ce majalisar jiha
tana duba wata doka.
Za a buɗe rajista, wanda ya sa suna
an rufe masa ƙofa ke nan;
kamfanin da ya ƙwanƙwasa ya biya tara,
kuma daga isha'i zuwa hantsi a bar kunne ya huta.

Baba Gyang mai dankali ya yi dariya har da tari.
"Mai kiran yana Legas, ko bayan teku.
Iska ta san iyakar Filato?"
Na ce, danga ba ta tare iska, gaskiya ne,
amma tana tare akuya,
ni kuwa akuya ce ke cinye mini shuka.

Sai dai akwai Kaneng, 'yar maƙwabcina,
mai digiri a akwati,
tana zama a wani ɗaki saman bene,
abin ji a kunne, lamba ɗari biyu kafin la'asar.
Ta ce a cikin ɗari biyun
ɗari da hamsin zagi ne, har uwa har uba.
Ta ce, "Kawu, in dokar ta wuce, ni fa?"
Na duba ƙasa.
Na zaɓa mata kabeji biyu masu nauyi,
don ban da wata amsa a rumfar.

Wayar ta sake kuka da hantsi.
Baƙuwar lamba. Na ce ku ne, na kashe.
Ta sake. Na kashe.
Ta uku na kife ta ƙarƙashin sikeli
na ci gaba da ciniki.

Sai azahar ƙanwata ta sauko daga keke,
takalmi ɗaya a hannu:
"Ina ka shiga? Nas ta kira ka har ta gaji.
Mace ce. Suna lafiya.
An nemi jini, wani direba ya bayar."

Wani direba.
Ban san sunansa ba har yau,
jininsa yana yawo a jikin matata.

Ran Laraba suka zo da takardar neman goyon baya,
na dangwala yatsa har tawada ta ɓulla baya.
Baba Gyang ma ya dangwala, yana gunaguni.
Na ce da yaron mai biro, ƙara layi ɗaya:
a nema wa su Kaneng wani aikin.
Ya ce babu gurbinsa a takardar.
Na ce rubuta a gefe.

Yarinya ta kwana arba'in jiya.
Waya na kuka yanzu haka a kan buhu,
ina kallonta,
ban san ko wane ne ba.