Ƙafafun Mma Tabawa

Da la'asar takalmin Mma ba ya shiga.
Igiyar silifa ta bar mata zane a bayan ƙafa
kamar sawun yatsa a kan tuwo.

Shekara talatin da ɗaya tana tsaye
bakin titi a Aboabo, ludayi a hannu,
tana zuba wa direbobi koko
tun ladan bai gyara murya ba.
Yanzu jijiyoyin ƙwaurinta sun taso,
sun murɗe kamar igiyar guga da ta kwana a ruwa.

Na danna da babban yatsa.
Wurin ya lotsa, ya tsaya a lotse
yana kallona.

Ranar Laraba na sauka Alabar wajen Baba Ɗantani,
rumfarsa tsakanin mai goro da mai gyaran rediyo.
Ya ce: A tsaye take sana'a ko a zaune?
Ƙafa ɗaya ce ko biyu? Numfashi fa, in ta kwanta?
Sannan ya ƙulle min zogale a takardar siminti,
da citta, da wani sassaƙe da ya ƙi faɗin sunansa,
da man kaɗanya cikin gwangwanin madara.

Shafa daga idon sawu ka yi sama, in ji shi,
kada ka koro ruwan ƙasa, ba rijiya kake cikawa ba.
Ta rage gishiri. Ta ɗora ƙafa kan buhu.
In ɗaya ta ɗauki zafi, kada ka dawo wurina,
tari mota sai asibiti.
Sidi ashirin. Ya mayar min da biyar.

Da dare ruwan Kumasi na dukan kwano.
Mma ta kurɓa, ta yamutsa fuska,
ta ce ɗacinsa ya fi bashin maƙwabci.
Na ɗauki ƙafarta na ɗora a cinyata.
Nauyinta ya ba ni kunya.
Wannan ce ta biya kuɗin makarantata, zango-zango,
ban taɓa riƙe ta ba sai yau.

Da asuba na kai mata kujera bakin tukunya.
Ta harare ta kamar baƙuwar da ba ta yi sallama ba.
Ta zauna dai.
Ludayi ɗaya, biyu, uku.

Wani direba ya ce, Mma, yau sarauta?
Kafin ya rufe baki ta miƙe.

Man kaɗanyar na aljihuna.
Sai dare.