Wa Ya Haƙa Rijiyar?

Littafi ɗaya gare mu, mu sittin da uku har da ni.
Gara ta cinye shafi na goma sha ɗaya,
daidai inda ake cin wani birni da yaƙi,
saboda haka a ajina birnin nan bai taɓa faɗuwa ba.

Nakan jera shekaru a allo, su bi ni da baki,
alif ɗari tara da kaza, alif ɗari tara da kaza,
kamar masu ƙirga buhunan riɗin da ba nasu ba.
Ana buga ƙarfen tashi, shekarun su zube a bakin ƙofa,
awaki su bi ta kansu.

Wata Alhamis alli ya ƙare.
Na ce, to, ku tafi, aikinku guda ne:
rijiyar gindin tsamiya da kuke ja safe da yamma,
ku tambayo mini a gida, wa ya haƙa ta?

Ran Litinin Tasi'u ya miƙe, ƙirji a gaba:
kakan kakansa ne, maharbi,
ya biyo sawun gada ya iske ƙasa da danshi.
Barira ta ce, Malam, ba haka ba ne, Fulani ne,
don shanu aka yi ta, shi ya sa bakinta ke da faɗi.
Nafi'u bai ce uffan ba, sai ya buɗe tafin hannu:
anini mai huji, ya yi kore,
babansa ya tsinta shekarar da aka yi mata yasa.

Aji ya kaure, har ana hawa benci.
Ban tsawata ba.
Shekara tara ina koyarwa a gabashin Jahun,
ban taɓa ganin yara sun yi faɗa a kan jiya ba.

Hansai na can baya, jikin tagar da ba murfi.
Na ce, ke fa?
Ta ce, Iya Tabawa ta ce ba a faɗi.

Sai da kowa ya watse ta dawo, tana murza bakin hijabi.
"Ta ce mai rijiya daban, mai haƙa daban.
Ta ce waɗanda suka shiga ramin sayo su aka yi,
aka zura su da igiya a ƙugu.
Biyu ba su fito ba.
Ta ce ba banza ake ce wa unguwarmu Rinji ba.
Malam, wannan tarihi ne
ko abin kunya?"

Na laluba duk abin da na karanto a kwaleji,
ban samo ko layi ɗaya da zai ishe ta ba.
Na ce, tarihi ne.
Kunyar kuwa, in akwai, ba a wuyanku take ba.

Washegari na kwashe su muka je gindin tsamiya.
Na nuna musu gungumen da ke gicciye a baki,
yadda igiya ta ci shi, rami bayan rami.
Kowa ya sa yatsa a ciki.
Na faɗi labarai huɗun, ban ce ga na wane ba,
ban kuma ce ga na gaskiya ba,
na ce ku auna su da abin da idonku ya gani.

Tasi'u ya leƙa ciki ya ƙwala: Wa ya haƙa ki?
Rijiya ta maido masa da tambayarsa, a jiƙe.

Jarrabawa za ta zo, shekaru za ta tambaya,
wasu su ci, wasu su bar takarda fara.
Amma jiya da na bi ta wajen a keke
na ji Hansai, tana sakin guga, a hankali:
Allah ya ji ƙan mutum biyun nan.
Tasi'u na bayanta da jarkarsa, yana jiran layi.
Ya ce amin.